Ba Rifkatu Ce Ta Goge Wasan Ba

Laraba. Aikin farko: kai jakar Iliya wurin tela a canza mata zif.

Ɗana Iliya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji da ya raya mu muka ga wannan mako. Ya kiyaye ka a hanyar Numan jibi, ya wuce da kai Gombe lafiya, ya sauke ka a makarantarka a Bauci da sauran rana. Ya tsare ka daga direba mai gaggawa, da abokin ɗaki mai mugun hali, da ciwon da zai same ka babu naka a kusa. Amin.

Kada layin da ke sama ya ba ka mamaki. Daga littafina na kullum na ciro waɗannan takardu, wanda kai da ƙanwarka Rifkatu kuke ce wa "rajistar Baba". Hannuna ya saba fara kowane shafi da aikin farko, har na rubuta kafin in tuna wasiƙa ce. Na bar shi, domin daga wannan aikin maganar ta taso.

A shago nake. An ɗauke wuta tun ƙarfe goma, babu rediyo ko talabijin da zan iya gwadawa, don haka ba ni da inda zan ɓuya. Da safe da na zazzage jakarka don in kai wa Malam Sani, telan da ke jikin shagona, sai na tarar da na'urar gem a can ƙasa, naɗe cikin tsohon tawul, da faifai bakwai, da littafinka mai koren bango. Wata goma sha ɗaya rabonka da ita. Na ɗauka ka haƙura. Ashe ba haka ba ne.

Faifan takwas ne, ka sani, na sani. Na shida yana nan gabana a kan teburin aiki. Ba ka tambayi kowa ba. Ko dai ba ka neme shi ba, ko kuma ka nema ka rasa, ka ƙara shi a kan laifin ƙanwarka. Na biyun nake tsoro.

To bari in faɗa tun kafin in sami hanyar kewayewa, don na iya kewaye-kewaye. Ba Rifkatu ce ta goge wasanka na shida ba. Ni ne.

Na rubuta wannan, na ajiye biro, na fita bakin shago na tsaya ina kallon masu shiga kasuwa. Na dawo na tarar da shi yana nan, bai goge kansa ba. Sai in ci gaba.

Ka tuna yadda na'urar ta shigo gidanmu. Wani ma'aikaci ya kawo min ita gyara, kafin in gama aka canza masa wurin aiki, ya ce in kai wa yara, har da faifan. Kana da shekara goma sha huɗu. Ni na zaci irin wasan ƙwallon nan ne na gidan gem, minti goma a tashi. Kai ka zaunar da ni ka ce, "Baba, wannan ba buga-ka-tashi ba ne. Labari ɗaya ne mai tsawo, kashi takwas. A kowanne sai ka ɗauki yaro daga ƙauye ba shi da komai, ka nemo masa abokan tafiya, ku bi gari-gari kuna faɗa da dodanni kuna ƙara ƙarfi, har ku kai ga babban mugun. Guda ɗaya kan ci wata huɗu." Washegari ka sayo littafi mai koren bango, ka ja layi da rula, ka zana akwati takwas, ka ce sai ka cike su duka, bi da bi, ba tsallake. Mamanka ta yi dariya ta ce, "Baban Iliya, ga hotonka nan, ba sai an je wurin mai hoto ba." Ni ma na yi dariya. Amma a cikina tsoro na ji, kuma ga dalili.

Lokacin da kakanka ya kwanta ciwo a Lau, kana goye. Saura kwana kaɗan Kirsimeti, kowa yana son rediyonsa ya yi magana ranar biki. Guda goma sha ɗaya ne a kan kanta, na jera su a littafi da lamba. Gwaggonka Saratu ta aiko direban motar Lau, ya tsaya a bakin shagon nan ko injin bai kashe ba, ya ce, "Yakubu, tsoho yana kiran sunanka. Shigo mu tafi, akwai wuri a gaba." Na dubi kanta, na ce masa, "Ka ce musu in na gama waɗannan ina tafe." Ya dube ni ya ce, "Rediyo ne fa." Na ce na yi wa mutane alkawari. Lau ba nisa ba ne, ka sha zuwa. Na gyara tara a kwana biyu. Ina kan na goma direban ya dawo. Wannan karon ya kashe injin, ya sauko, ya cire hula.

Na je na tarar an riga an haƙa kabari. Saratu ta ce har ranar ƙarshe yana tambaya ko motar Jalingo ta iso. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, da na dawo na gyara sauran biyun, na ja musu layi, kuma da na ga shafin ya cika sai na ji wani ɗan sanyi a raina. Ubana yana cikin ƙasa, ni ina jin daɗin shafi. Wannan sanyin nake tsoro tun ranar, kuma shi na gani a fuskarka duk sanda ka cike akwati.

Saboda haka, ɗana, duk ranar da aka ce maka wani naka yana kira, ka tashi ka bar abin da ke hannunka a buɗe. Kada ka ce in na gama. Jeri ba ya ƙarewa. In ka cike wannan shafi akwai wani a bayansa, na shekara ashirin ina juyawa ban ga bangon ƙarshe ba.

Yanzu za ka gane ranar Asabar ɗin nan. Saura mako uku ku fara jarrabawar gama sakandare. Ka cike akwati biyar, kana ƙarshen na shida. Muna shan koko na tambaye ka karatu, ka ce, "Saura ƙofa ɗaya, Baba. In na gama wannan zan rufe in kama littafi." Ba ka san kalmomin wa ka ɗauko ba. Da ka fita lesin, Rifkatu ta share ɗakinka ta tafi ɗebo ruwa, na ce wa mamanka zan duba soket. Na kunna na'urar. Na sami inda katin memori ke ajiye tafiyarka, awa tamanin da bakwai a rubuce. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna. Ta sake tambaya. Na sake dannawa. Na daɗe ina gaya wa kaina hannuna ne ya zame, amma hannu ba ya zamewa sau biyu. A littafina na ranar, abin da na rubuta kawai shi ne, "Na duba soket na ɗakin Iliya. Lafiya yake."

Da la'asar muka ji ihunka. Ka fito tsakar gida riƙe da katin, ka nufi Rifkatu tana wanke-wanke.

"Ke ce! Wa ya shiga ɗakin nan in ba ke ba?"

"Allah ya sani, Yaya, shara kawai na yi. Ko wayar ban taɓa ba."

"Ƙarya kike! Ba bara na kama ki kina dannawa ba?"

Mamanka ta juyo ta ce, "Baban Iliya, ka yi magana mana, kana zaune." Na ce, "A bar maganar. Kayan wuta ne, sukan yi haka." Ka dube ni ka ce, "Wuta ba ta zaɓen abu ɗaya ta goge ta bar biyar, Baba. Kai ka koya min." Gaskiyarka. Na sunkuyar da kai ina gyara madaurin agogon da bai lalace ba.

Ka ci jarrabawa, ka ci da kyau, har maƙwabta a unguwarmu ta Sintali suna yi min barka wai na iya tarbiyya. Amma tun ranar ba ka sake kiran sunan ƙanwarka ba. In ta kawo maka abinci sai ka bari ta fita kafin ka buɗe. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta ɗauki laifin ubanta wata goma sha ɗaya, uban yana zaune a kujera yana rubuta ayyukan gobe.

In ka yi wa mutum laifi, ka faɗa a ranar, tun da zafinsa. A ranar, hannu ɗaya ya isa in ɗaga shi. Yau na sa hannu biyu ya ƙi motsi. Kuma in kana zaune aka ɗora wa wani abin da ka san ba shi ba ne, shirunka ƙarya ce, ko ba ka buɗe baki ba. A makaranta za ka ga irin wannan. Waya za ta ɓata a ɗaki, a nuna wanda ba shi da baki. Kada ka yanke wa mutum hukunci don shi ne ya yi shara.

Ya kamata a ce na daɗe da koyon darasi. Ina sabon buɗe shago wata tsohuwa ta kawo min rikoda, zaren kaset ya naɗe a ciki. Na sa almakashi na yanke zaren na jefar, na goge kan da ke karanta kaset, na ɗiga mai, rikoda ta dawo kamar sabuwa. Da ta zo na kunna mata ina jiran yabo, sai ta ce, "Ɗana, ina kaset ɗin?" Muryar marigayi mijinta ce a ciki, yana waƙa a coci. Rikodar ba ta dame ta ba, zaren ta kawo in ceto. Ba ta zage ni ba. Ta ɗaure abinta a zane ta ce, "Ka yi aiki mai kyau," ta tafi. Daga ranar na kafa wa kaina doka, ba na gyara abu sai na tambayi mai shi me yake so a ceto. Na kiyaye dokar a kan kowane baƙo, na zo na karya ta a kan ɗana. Kai ma kana da hannun gyara, na lura. Ka riƙa tambaya tukuna, ko da kana ganin ka fi mai abin sanin abin da ke damunsa. Musamman ma a lokacin.

Akwai sauran magana. Na haɗa wata na'urar daga matattu biyu da aka yar min a shago, na ɗauko faifai na shida daga kan wadirob ɗinka, na nemo sabon kati. Wata huɗu ke nan, duk rana in akwai wuta kuma babu mai jira, ina buga wasan daga farko. Nufina in kai maka shi daidai ƙofar da ka tsaya, in miƙa maka, sannan in faɗi gaskiya. Malam Sani ya leƙo kwanaki ya same ni riƙe da hannun gem, tabarau a kan hanci, ya ce, "Jam na, lafiya dai, Baban Iliya? Tsufa ne ya zo da gardama, ko ƙuruciya ce ta manta wani abu ta dawo ɗauka?" Na ce gwaji nake yi. Ya ce, "Gwajin wata huɗu? Ni in na gwada riga haka ai mai ita ya fi ƙarfinta."

Don in san hanya na karanta littafinka mai koren bango ba da izininka ba. Ka haɗa wannan ma a cikin laifina. A nan na ga sunayen da kake bai wa mutanen wasan. Yaron ƙauye, Iliya. Tsohon maƙeri mai gyara takubba, wanda kullum yake cewa a koma baya akwai haɗari, Baba. Ban ji haushi ba, ya dace. Yarinya mai magani kuwa, wadda ke tsayawa a baya tana warkar da duk wanda ya ji rauni, tun daga wasa na ɗaya har na shida, Rifi. Yau da safe na ga ka buɗe sabon shafi, na wasa na bakwai. Ka tsallake na shida, kai da ka ce ba tsallake. Akwai Iliya, akwai Baba. Layin mai magani babu komai.

Ban kai ƙofar ba. Akwai wata gada, saura gari biyu, dodon da ke kanta ya kashe ni sau goma sha tara, kowanne na rubuta shi da ranarsa. Sai a na goma sha biyar na lura da abin da nake yi. Jakata cike take da magunguna masu ƙarfi da na tara tun farkon wasa, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, ina ajiye su don ranar da ta fi wannan wuya. Ina mutuwa da jaka cike. Na zauna ina kallon talabijin ɗin kamar madubi. Akwai yadin da mamanka ta saya min tun bikin Saratu, yana ƙasan akwati yana jiran babbar rana, har kalarsa ta fara koɗewa a kan ninki. Akwai "sannu da ƙoƙari" da ban taɓa ce maka ba, wai kada kanka ya kumbura. To ga shi na fitar da guda: ina alfahari da kai. Yaron da ya bi abu ɗaya shekara uku bai gaji ba, karatu ba zai gagare shi ba. Kada ka yi rowar magana mai daɗi irin tawa. Ba a ajiyarta, lalacewa take yi.

Gadar ta koya min wani abu kuma. Duk kayan kirki na ɗora wa mai takobi, na bar mai magani ba ko sulke. Ita dodon yake fara kaiwa ƙasa, in ta faɗi kowa ya bi ta. Wannan kai ka fi ni sani.

Game da sauran wasannin, ba zan ce ka bar na'urar a gida ba. Na gwada hana ka sau ɗaya, ka ga abin da ya haifar. Ka gama su har na takwas, in ga akwatunan a cike. Amma ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. A nan in ka daɗe a ɗaki mamanka tana buga ƙofa da ludayi. A can babu mai bugawa. Ina tsoron ka rufe ƙofa ranar Juma'a ka buɗe ranar Litinin, ka manta ci, ka manta aji, ƙofa ɗaya ta zama goma. Ka ware wa wasan rana guda a mako, bayan an taso coci in ka ga dama, ka bar ɗakin a buɗe, wani ya zauna kusa da kai ko da kallo ne. Makon jarrabawa ka bai wa wanda ka yarda da shi katin ya riƙe maka, da hannunka, da son ranka. Abin da ya kamata in roƙe ka ke nan ranar Asabar ɗin can, muna shan koko. In waya ta yi ƙara ka ga lambar gida, ka ɗauka ko kana tsakiyar faɗa. Wasan yana da madannin tsayawa, na gwada. In ka dawo bayan awa uku dodon yana nan da hannu a sama yana jiranka. Kakanka ba shi da wannan madannin.

Ban sani ba ko shawarwarin nan daidai ne. Daga bakin wanda ya faɗa kowane rami suke fitowa. Ka tace, ka ɗauki mai amfani.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne hanya. Mota ƙarfe ce, ni kuwa na san yadda ƙarfe ke gajiya ba ya faɗa. Ina roƙon Allah ka isa lafiya, kuma za ka isa. Amma in na tuna za ka shiga motar nan jibi da fushin ƙanwarka a zuciya, a kan abin da ba ta yi ba, sai in ajiye aikin da nake yi in fita bakin shago. Tun Litinin take daka maka yaji tana soya ƙuli-ƙuli. Ina ɗaure takalmi na ji tana ce wa mamanka, "Mama, ki ce ke kika yi. In ya san ni ce ba zai ci ba."

Ina tsoron kaina ma. Wataƙila in ka karanta ka daina ɗaukar wayata, Kirsimeti ta zo ka ce akwai karatu. In haka ne na karɓa. Fushin nan kayana ne, ka sauke wa yarinyar ka dawo min da shi.

Shirina da farko shi ne in ƙetare gadar tukuna. Da na ga kwanaki sun ƙare, sai na ce zan cusa wasiƙar a cikin tawul tare da na'urar, ka gan ta a Bauci, ni kuwa ina nan nesa da idonka. Ɗazu na ɗan ajiye rubutun na leƙa wurin Malam Sani in ga jakar. Ya ce in dawo gobe, sannan ya ce, "Jibi yaron zai tafi, ko? To wancan gwajin naka fa?" Na ce, "Saura kaɗan, in na gama..." Sai na ji abin da bakina ya faɗa. Na juya na dubi titi, kamar direban Lau ne ya sake tsayawa a bakin shagona, injin yana aiki.

Ba zan gama ba. Katin zan ba ka yadda yake, a bakin gada, jaka cike da magani, mai maganin kuma sunanta Rifi. In ka so ka ƙarasa, in ka so ka goge, na'urar za ta tambaye ka sau biyu. Wasiƙar kuwa a hannunka zan sa ta gobe da safe, bayan na faɗa da bakina a gaban ƙanwarka da mamanka. Ko zan iya ban sani ba. Shi ya sa zan rubuta shi a ƙasa, domin abin da na rubuta a jeri ba na iya barinsa ba layi. Ko sau ɗaya halin nan ya yi wa gidanmu amfani.

Ubangiji ya shige gabanka, ya tsare bayanka. Ya ba ka lafiya, ya buɗe maka karatu, ya haɗa ka da abokan tafiya nagari. Ya raba ka da tsorona, ya bar maka haƙurina in akwai shi. Ya dawo mana da kai Sintali da ƙafafunka, mu jiyo ka tun daga bakin ƙofa kana kiran sunan ƙanwarka. Amin.

Mahaifinka,
Yakubu

Alhamis, abin da ya rage:

1. Karɓo jaka wurin Malam Sani, in gwada zif ɗin sau uku.
2. Kwaɗo biyu, ɗaya na jaka, ɗaya na ɗaki.
3. Gidan sauro. Wanda na saya jiya yana da huda.
4. Tasha, a kama wa Iliya kujera, kada ta zama ta jikin ƙofa.
5. Goge faifai na shida, in naɗe shi da katin.
6. Fito da yadin nan daga akwati in kai ɗinki.
7. Tara Iliya da Rifkatu da mamansu, in faɗa.

Na bakwai ba na bakwai ba ne. Kafin jaka, kafin koko, kafin in buɗe littafin nan.